Ɗinkin da Ba Nawa Ba

Daren Talata Modi ya ce cibiyarsa na murɗawa.
Muka ɗora wa gyaɗar da ya ci a kasuwa laifi.
Inna ta jiƙa kanwa, ya sha,
ya kwanta kan fatun da majemi ya kawo mini.

Laraba ciwon ya yi ƙaura,
ya gangara dama, ƙasa, daidai bakin aljihu,
ya kafa bukka.
Tuwo ya koma yadda ya zo. Jiki kamar garwashi.
Mai kemis ya ce taifot ce,
ya ƙirgo mana ƙwayoyi ja da rawaya a leda.

Alhamis da hantsi sai ga shi zaune yana dariya:
"Ya sake ni, Yaya."
Na yi hamdala, na koma kan jakar da nake ɗinkawa.
Wannan hamdalar ce har yau take tsaya mini a wuya.

Kafin la'asar cikinsa ya zama allo.
Daga Shiyar Maɗunka zuwa ƙofar asibiti,
duk ramin da taya ta faɗa
sai ya kira sunan Allah.

Likita Jabbi ya danna a hankali,
ya ɗage hannu farat ɗaya,
ƙarar Modi ta juyo da masu jiran layi.
"Tun yaushe?"
Na ce kwana uku.
Bai yi faɗa ba. Da ma ya yi.
Ya juya bayan kati, ya zana 'yar tsutsa a jikin hanji.

"Afendis. Ku kuna ce mata tsakuwa.
Da jiya kuka zo, kumburi ne kawai:
'yar tsaga, mu cire, jibi yana gida.
Wani ma allura ke kwantar masa da ita, mu sa ido.
In ta kwana sai ta tara mugunya,
in jini ya yanke mata ta yi baƙi, ta ruɓe,
duk da haka tana hannunmu.
Sauƙin da ya ji da hantsi,
fashewa ce."

Na dubi yatsuna, baƙi ƙirin da kuloko.

"Akwai mai sa'a, kitsen ciki ya lulluɓe ɓarnar,
ya tsare ta wuri guda;
mu sa roba ta tsiyaye, mu ba shi magani, mu jira.
Naka babu shinge. Ta bazu.
Sa hannu nan."

Na sa hannu.
Na sayar da fatu goma sha ɗaya a farashin bakwai,
na ba da jini leda guda.
Ige, matarsa, ta ƙirga tayil ɗin baranda har ta rikice,
ta sake daga fari.
Awa uku suna wanke cikin ƙanena
kamar ƙwaryar da nono ya kwana a ciki.

Sai kwanakin roba:
ɗaya a hanci, ɗaya a gefe, ruwa na ɗiga a jijiya.
Ba ci, ba sha.
Nas Luba ta ce hanji barci yake,
ranar da ya saki iska, ranar zai sha koko.
Ban taɓa zaton zan yi tsayuwar dare
ina roƙon jin tusar ƙanena ba.
Ta zo ranar Litinin, bayan asuba.
Ige ta rangaɗa guɗa, aka ce mata nan asibiti ne.

Da suka ɗaga bandeji na matso, sana'a ba ta bari.
Daga saman cibiya zuwa mara, goma sha huɗu.
Tazarar ba daidai ba, ƙullin a waje,
na tara ya ɗan karkace.
Da yarona ya kawo mini wannan
sai na ce ya warware.

Modi ya ce, "Yaya ka gani?"
Na ce, "Zai riƙe."